Gwajin ƙwayoyin gado kafin maganin kansa: yadda ake yin sa da inda yake lalacewa

Mutum biyu za su iya kamuwa da kansar huhu iri ɗaya, amma abin da ke tura cutar a jikin kowannensu daban ne. Maganin kansa mai saiti yana toshe furotin guda ne da wani sauyi a ƙwayar gado ya haifar. In babu wannan sauyi a ƙarin, maganin ba shi da abin kamawa, sai illa da asarar kuɗi. Don haka a yi gwaji tukuna, sannan a rubuta magani.

Mafi yawan sakamakon da ke fitowa ba daidai ba, tun daga ɗakin tiyata matsalarsa ke farawa. Da zarar an yanko tsokar ƙarin da za a gwada, a jefa ta cikin fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari kafin awa ɗaya ta cika, kuma ruwan ya ninka girman tsokar sau goma. Babban ƙari a tsattsaga shi, domin fomalin a hankali yake ratsa nama, tsakiyar kuma sai ta ruɓe kafin ya isa. Ta zauna a ciki daga awa 6 zuwa 72. In ta gaza haka, rinin gwajin ba ya kamawa daidai. In ta wuce, sinadarin DNA, wanda ƙwayoyin gado ke cikinsa, yakan kakkarye, na'ura ta kasa karanta shi. A rubuta lokacin yanka da lokacin sakawa a jikin takardar. In daga ƙashi aka ɗauko, kada a tausasa shi da asid mai ƙarfi, a yi amfani da sinadarin EDTA, wanda ba ya lalata DNA kamar asid. Wannan aikin mintuna ne, amma a kansa maganin shekara guda ke dogara, shi ya sa sakaci a nan yake da ciwo matuƙa.

Daga nan likitan binciken tsoka zai duba ko ƙwayoyin kansa sun kai aƙalla kashi 20 cikin ɗari na abin da ke kan gilashin. Ƙasa da haka, lafiyayyun ƙwayoyi kan rufe sauyin, a ce babu alhali akwai.

Nau'in kansar ne ke nuna abin da za a nema. A kansar mama, yawan furotin mai suna HER2 ake dubawa tare da masu karɓar sinadaran mace. Sakamakon HER2 na 3+ na nufin ana iya ba da maganin trastuzumab, 2+ kuwa ba a yanke hukunci da shi sai an ƙara gwajin FISH, mai ƙidaya kwafin ƙwayar gadon HER2. A kansar hanji da ta bazu, ana duba ƙwayoyin gado na KRAS da NRAS ne don sanin wanda ba za a ba maganin cetuximab ko panitumumab ba, domin in akwai sauyin ba sa amfani. A kansar jini ta CML, ana neman BCR-ABL, haɗin da ke faruwa idan kiromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na 9 da na 22 suka yi musayar ɓangare. Imatinib, da aka amince da shi a Amurka a 2001, shi yake toshewa, yawanci miligiram 400 a rana. Kansar huhu ta fi yawan ƙwayoyin gadon da ake dubawa: EGFR, ALK, ROS1 da wasu. A nan ya fi kyau a yi gwaji ɗaya mai karanta su gaba ɗaya, domin gwada su bi da bi yakan cinye ɗan gutsuren tsokar kafin a gama.

Sakamakon yakan ɗauki mako biyu zuwa uku. In halin majiyyaci zai bari, a jira. Wanda aka fara wa maganin ƙarfafa garkuwar jiki, daga baya aka ga yana da sauyin EGFR aka koma osimertinib, maganin da ke toshe EGFR, haɗarin kumburin huhu ya fi yawa a kansa. In tsokar ba ta isa ba, ana iya neman DNA na ƙarin a cikin jini, amma rashin ganinsa a jini ba ya tabbatar da babu shi.

Wajen karanta takardar, ba kowane sauyi ne ke da magani ba. Wanda aka rubuta cewa ba a san ma'anarsa ba, kada a gina magani a kansa. In kuwa sauyi ya fito a BRCA1 ko BRCA2, ƙwayoyin gadon da sauyinsu ke ƙara haɗarin kansar mama da ta kwan mace, a yi gwajin jini a tabbatar ko gadonsa aka yi, domin in haka ne kowane ɗa ko 'ya na da rabi da rabi na ɗaukarsa.

Bayan an fara magani, a kawo wa likita duk abin da ake sha, har na gargajiya. Rifampicin na tarin fuka yana zubar da ƙarfin imatinib da osimertinib a jini. Omeprazole na gyambon ciki yana rage shigar gefitinib da erlotinib, magungunan da ke toshe EGFR, cikin jini. Mai karɓar trastuzumab a duba ƙarfin zuciyarsa kafin farawa, sannan duk wata uku. Mai CML kuma a auna BCR-ABL duk wata uku: ana so ya sauko zuwa kashi 10 ko ƙasa a wata na uku, da kashi 0.1 ko ƙasa a cikar shekara. In bai sauka ba, a fara tambayar ko ana tsallake shan ƙwayar kafin a zargi maganin.

Idan cutar ta sake motsi bayan ta lafa, a sake ɗaukar tsoka ko jini, tsohon sakamako ba ya wadatarwa. Kusan rabin masu shan gefitinib ko erlotinib da maganin ya daina yi musu aiki, sabon sauyi ne mai suna T790M ya ɓullo, kuma osimertinib, miligiram 80 a rana, yana kama shi. A CML, sauyin T315I yana kauce wa imatinib, dasatinib da nilotinib duka, sai a koma ponatinib ko asciminib.