Kafin Ka Huda Bangon Gidan Haya a Ingila

Tunda na sauka ƙauyenmu a ƙasar Ringim don hutun bana, babu daren da samari ba su tare ni a dakalin ƙofar gida da maganar tafiya Ingila ba. Wannan ya samu gurbin digiri na biyu, wancan matarsa ce ta samu aikin jinya zai bi ta. Tambayoyin ba sa wuce rigar sanyi da layin waya da inda ake samun garin tuwo. Ƙannena, waɗannan duk ba abin tashin hankali ba ne. Layin waya a kantin unguwa za ka saya ranar da ka isa, naman halal da kuɓewa da manja suna nan a Mancesta da Landan kamar a gida, kuma mutanenmu na can, Allah ya saka musu da alheri, ba sa barin baƙo ya kwana da yunwa. Abin da ba wanda ya tambaye ni, kuma shi ne ya ci min kuɗi, shi ne talabijin da wayarsa.

Ku duba yadda muke yi a nan. Dikoda ɗaya ce a ɗakin maigida, a haɗa ta da sola ko janareta. A bayanta akwai ramin eriya mai fitar da hoto, sai a soka farar waya, a jefa ta kan katanga, a sa ɗan ƙarfen nan mai raba waya biyu ko uku, ɗaya ta tafi ɗakin uwargida, ɗaya ɗakin amarya, wata har zaure don yara. Inda bango ya tare hanya a sa ƙusa a fasa, tunda gidan gado ne, ba mai cewa don me. Da wannan ilimin na isa Mancesta a 2008, kuma da farko ya yi min aiki, domin na'urar bidiyo da akwatunan lokacin duk suna da wannan ramin, tsofaffin talabijin kuma suna kama hoton kamar wata tasha ce.

A ƙarshen 2009 aka kashe tsohon tsarin watsa shirye-shirye a yankinmu aka koma na dijital, zuwa Oktoban 2012 kuwa an gama da Birtaniya gaba ɗaya. Daga nan kowace talabijin sai da tata na'urar kama Freeview, wato tashoshin dijital da ake kamawa da eriya ba tare da kuɗin wata ba, ko a cikinta ko a akwati daban. Sannu a hankali sababbin akwatuna suka daina zuwa da ramin nan da muka dogara da shi, sai na HDMI kawai, wato wayar zamani mai kai hoto da sauti daga akwati zuwa talabijin. Ita kuwa HDMI ba a yanka ta a ɗaure da salatif. Kanta faffaɗa ne, idan ta wuce mita goma zuwa sha biyar hoto yakan fara ɗaukewa, kuma ko ka sayi akwatin raba ta, abin da ake kallo a falo shi kowa zai kalla.

To a nan na yi kuskurena. Iyalina sun iso, muka koma gida mai bene. Uwar 'ya'yana tana son kallon finafinan Hausa da muka taho da su a faifai a ɗakinta na sama, na'urar kuma tana falo a ƙasa. Na ari injin huda bango, na fasa rami mai faɗin da kan HDMI zai wuce, na bi gefen matakala da ƙusoshi har sama. A raina gyara na yi wa gidan. Ranar da za mu tashi, dillalin mai gidan ya zo da takardar da aka rubuta yanayin kowane ɗaki ranar da muka shiga, har da hotuna, da sa hannuna a ƙasa. Na tuna na sa hannun, amma wallahi ban karanta ba. Ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya yana ɗaukar hoto. Aka cire kuɗin toshe rami, da na fentin bango gaba ɗaya saboda wai sabon fenti ba zai dace da tsoho ba, da na katakon gefen matakala. Kusan rabin kuɗin ajiyar da na ba mai gida lokacin kama hayar ya tafi, a daidai lokacin da sabon mai gida ke jiran nasa. Wata biyu ban aiko wa Inna ko sisi ba, kuma har yau idan na tuna muryarta tana cewa ba komai, Allah ya rufa asiri, sai ƙirjina ya yi nauyi.

Abin da ya fi ɓata min rai, bayan na ba da wannan labari a taron 'yan uwa ba sau ɗaya ba, na ga sababbin zuwa uku sun maimaita. Ɗaya ma kwanon satalayit ya kafa a fuskar bene ba tare da ya tambayi kowa ba, aka sa shi ya sauke kuma ya biya gyaran bulo. Haba jama'a, in an faɗa muku abu ku riƙa ji mana.

Ku riƙe wannan. A Ingila doka ta wajabta wa mai gida ya saka kuɗin ajiyarka a ɗaya daga cikin asusun kariya uku da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, ya kuma ba ka shaida. Tun 2019, ga irin hayar da muke kamawa, ba a karɓar ajiya fiye da kuɗin hayar mako biyar. Idan kun saɓa kan abin da za a cire, asusun yana da masu raba gardama kyauta, amma da takarda da hoto suke hukunci, ba da rantsuwa ba. Don haka ranar da ka karɓi mukulli, kafin ka kwance jaka, ɗauki hoton kowane bango da kowane rami da ka tarar. Duk abin da zai taɓa bango, ko ƙusa ɗaya ce, ko ƙarfen rataye talabijin, ka nemi izini a rubuce ta imel ka adana amsar. Izinin da dillali ya ba ka da baki yana murmushi ba zai tuna da shi ba ranar tashi.

Kuma gaskiya yau ba ka buƙatar huda komai. Gidaje da yawa suna da ramin eriya a bangon falo da ɗakunan kwana, soka waya kawai talabijin ta nemo tashoshin Freeview kyauta. Don kallon namu na gida, ɗan sandan nan na Fire TV ko makamancinsa da ake sokawa a bayan talabijin ya wadatar, kowane ɗaki da nasa, su hau intanet ɗin gidan, a kalli YouTube da manhajar Arewa24. Bidiyon biki da na suna da wa'azin da masu turi suka loda muku a memori, kwafa su a filasha, yawancin talabijin na yanzu suna karantawa kai tsaye. Idan intanet ba ya kai wa sama, akwai 'yan na'urori biyu da ake sokawa a soket su bi da shi ta wayar wutar gidan. Wanda kuma lallai sai ya raba akwati ɗaya ga ɗakuna, akwai modileta mai karɓar HDMI ta mayar da hoton tashar dijital, ta bi da shi ta wayar eriya idan ɗakunan a haɗe suke. Tana da tsada, amma ba ta kai fentin bango ba. Wayar satalayit kuwa kada ka raba ta da ƙarfen raba eriya, kowace dikoda tana son wayarta tun daga kan kwanon, domin ita ke aika wa kwanon wuta da umarni.

Kada ka cika jaka da dikodar GOtv ko StarTimes mai eriya. Daga turakun Najeriya suke kama sigina, can ba abin da za su nuna maka. Soket ɗin Ingila mai ƙafa uku irin namu ne, wutar ma kusan ɗaya, amma mai zuwa Amurka ya sani tasu wutar volt 120 ce kuma tsarin talabijin ɗinsu daban ne, ya bar tasa a gida. Faifan finafinanmu na kasuwa yawanci kowace na'ura tana karanta su.

Sai lasisin talabijin, wanda mutanenmu ke ɗauka wasa saboda ba mu saba ba. Duk mai kallon tasha kai tsaye, kowace tasha ce, ko ta gida Najeriya ce, a talabijin ko a waya ko a kwamfuta, da duk mai amfani da BBC iPlayer, manhajar kallon shirye-shiryen BBC, sai ya biya. A 2025 kuɗin ya kai fam 174.50 a shekara, ana iya biya kaɗan-kaɗan, tarar rashinsa kuma tana kai wa fam 1,000. Lasisi ɗaya ya ishi iyali komai yawan talabijin ɗinsu. Amma ɗalibai ku lura, idan kowa da takardar hayar ɗakinsa daban a gida ɗaya, mai kallo a ɗakinsa sai ya yi nasa, na maƙwabcinsa ba zai rufe shi ba. Wanda ba ya kallon komai sai bidiyon da aka riga aka ɗora a YouTube ba ya buƙata, yana iya shiga shafin masu ba da lasisin ya sanar da su haka.

Jiya da daddare ɗan yayana, wanda zai tashi bayan Sallah, ya nuna min naɗin farar waya da kwalin ƙusoshi da ya saya a Kano zai tafi da su, don shi ne mai haɗa dikoda a unguwarmu kuma gwani ne. Na ce ya bar wa ƙaninsa su. Na karɓi wayarsa na rubuta masa da Turanci saƙon da zai aika wa mai gida in yana son rataye talabijin, na ce ya adana shi tare da hoton fasfonsa.