Abin da Ke Kashe Sabon Kifin Ado a Tankin Gida

Kifi yana iyo lafiya lau a ledar mai shago, ka kawo shi gida ka zuba a tankin gilashi, gari na wayewa ka tarar ya juya ciki sama. Yawanci matsalar tana cikin ruwan, kuma tsawon lokacin da kifin ya yi kafin ya mutu shi ne zai fara nuna maka inda take.

Idan ya mutu cikin 'yan sa'o'i, fara zargin kilorin da ake sa wa ruwan famfo, domin yana ƙona kafofin numfashin da ke gefen kan kifi. Barin ruwa a buɗaɗɗen bokiti na awa 24 yana korar kilorin zalla, amma ba ya korar kiloramin, wato wani nau'in kilorin da ya fi daɗewa a ruwa, don haka ka fi dogara da maganin kashe kilorin da masu sayar da kifi ke ajiyewa. Ruwan burtsatse ba shi da kilorin, sai dai yakan fito da ƙarancin iskar shaƙa. Ka sa masa famfon iska ya kwana kafin ka yi amfani da shi.

Na biyu shi ne sauyin ruwa farat ɗaya. Ka ɗora ledar a ɗaure a saman tanki na minti 15 zuwa 20 don ɗumin ruwan biyu ya daidaita. Sannan ka kwance ta, ka riƙa zuba rabin kofi na ruwan tanki a cikinta duk bayan minti 5, har tsawon rabin awa. Ɗebo kifin da ƙaramar raga, ruwan ledar kuma a zubar waje. Kashe fitilar tanki, kada ka ba shi abinci sai washegari. Wannan tsarin na kifin da bai wuce awa biyu ko uku a leda ba ne. Wanda ya kwana a hanya, da zarar an buɗe leda iska ta shiga, pH na ruwan (ma'aunin tsamin ruwa, yana hawa idan tsamin ya ragu) zai hau, amoniyar da ta taru a ciki, wato dattin da kifi ke fitarwa, ta zama guba nan take. Irinsa a daidaita ɗumi kawai, a fitar da shi da sauri.

Mutuwa tsakanin kwana biyu zuwa mako guda kuwa, nan ne aka fi yin asara, kuma kusan kullum sabon tanki ne. Kifi yana fitar da amoniya ta numfashi da kashi, ragowar abinci ma tana ruɓewa ta ƙara. Akwai bakteriya masu amfani da ke zama a soson filta da jikin tsakuwa: wasu na mayar da amoniya naitrait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da shi naitret, mai sauƙin illa. Kafin su yawaita sai an yi mako 4 zuwa 6. Ganin ruwa garau ba ya nufin komai, domin waɗannan sinadarai ba su da launi. Sayi kayan gwajin ruwa, na ɗigo ya fi na takarda faɗin gaskiya. Amoniya da naitrait dole su nuna 0, naitret ƙasa da miligiram 40 a lita. Idan ka ga kifi yana haki a saman ruwa, ya naɗe fika-fikansa, canza rabin ruwan nan da nan da wanda aka cire wa kilorin mai ɗumi iri ɗaya, ka dakatar da abinci kwana biyu. Gishiri zalla giram 1 a kowace lita yana rage shigar naitrait cikin jini, amma wasu kifayen ƙasan tanki marasa ɓawo ba sa son sa. Kuma kada a taɓa wanke soson filta da ruwan famfo. A matse shi cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin.

Akwai yanayin da ke rikita mutane sosai: tsofaffin kifaye suna nan garau, duk sabon da aka sa sai ya mutu. Wannan alamar tankin da aka daɗe ba a canza wa ruwa ba ne, ana dai cika abin da ya ƙafe. Naitret ya taru, pH ya faɗi a hankali, na ciki sun saba, baƙo kuma ba zai jure ba. A nan kada ka canza rabi lokaci ɗaya, sai ka rasa har tsofaffin. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kowace rana, na mako ɗaya ko biyu, sannan a sake gwaji.

Yanayinmu ma yana da nasa rabon. Yawancin kifayen ado na ƙasashe masu zafi suna son digiri 24 zuwa 27. Daren hunturu yana iya sanyaya ƙaramin tanki ƙasa da haka, sai a sa hita. A zafin Maris da Afrilu ruwa yakan haura 30, iskar cikinsa ta ragu, idan aka ɗauke wuta famfo ya tsaya sai abin ya haɗu. Famfon iska mai batir yana ceton rai, in babu, riƙa ɗibar ruwan da kofi kana kwararo shi daga sama. Maganin sauro na feshi mugun guba ne ga kifi: kashe famfon iska, rufe tankin ruf, kada ka buɗe sai ɗakin ya sha iska. Hannu mai sabulu ko man shafawa kada ya shiga ruwan.

Abin da ya wuce mako guda yawanci cuta ce, kamar fararen ɗigo irin ƙwayar gishiri a jiki, ko kuma cizon manyan da suka riga shi zama. Ajiye ƙaramin tanki na lita 20 zuwa 40 mai filtar soso, duk sabon kifi ya yi mako 2 zuwa 4 a ciki kafin ya shiga babba. Idan lokacin ya yi, sa biyu ko uku kawai, ka jira mako biyu, ka gwada ruwa kafin ka ƙara wasu.