Kurakuran masu narka robar garka su yi pabe

Duk ƙarshen noman rani, garakin albasa daga Galmi har Tabalak cike suke da tsofaffin tiyo, buhunan taki da leda. Samarin Tahoua sun gano ana narka su a haɗa da rairayi a fitar da pabe, wato bulon da ake shimfiɗawa a ƙasa, kuma na ji daɗin haka. Sai dai ɓarnar da nake gani kullum iri ɗaya ce.

Babbar ita ce zuba komai cikin tano guda, wato gangar ƙarfen da ake narkawa a ciki. Leda da siririn tiyon ban ruwa suna narkewa wajen digiri 120, kwalbar ruwan sha kuwa sai wajen 250. Kafin kwalbar ta narke, ledar ta ƙone ƙurmus. Mafi muni shi ne bututun PVC, mai ruwan toka ɗin nan da ake binnewa a garka. Wani yaron aikina ya taɓa jefa guntunsa a tano. Hayaƙi ya turnuƙe mu, ido na zubar da ruwa, maƙogwaro kamar an watsa barkono, aikin ranar kuma duk ya tafi juji. Hayaƙin nan asid ne, huhu yake ci. Dokata tun daga ranar: a yanki guntu a jefa cikin bokitin ruwa. In ya taso, ya shiga tano. In ya nutse, gefe.

Sai bidon maganin ƙwari. Haba jama'a! Ka ɗora shi a wuta da sauran guba a ciki, ƙannenka na zaune kusa? Wasu ma kasuwa suke kai shi, uwar gida ta saya ta zuba mai ko ruwan sha. A ɗauraye shi sau uku, ruwan ɗaurayar a juye cikin famfon feshi, sannan a huda gindinsa da wuƙa. Ni ko an yi haka ba na narka shi, ko wa zai ce asara ce.

Sauran ƙanana ne. Jiƙaƙƙen rairayi yana barin ramuka a cikin pabe, a shanya shi a tankaɗe. A kakkaɓe laka daga tiyo tun a garka. Baƙin hayaƙi na nufin wuta ta yi yawa, a janye itace. Kada a tsaya inda iska ke kora hayaƙin, kada kuma a manta shafa mai a mul, wato mazubin da ke fitar da siffar pabe. Awona kilo ɗaya na roba, uku na rairayi. Mai ƙara rairayi don riba, pabensa marmashewa yake yi tun a kan amalanke.