Ga sababbin zuwa Jidda: ku fita ku ga ƙasa, amma a gyara takardun mota tukuna

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ku ƙannena da kuka sauka kwanan nan igamarku, wato katin izinin zama, sabuwa fil. Maganar fita yawo da mota nake so mu yi, don na ga abin ya shiga ran yaranmu sosai, da mutum ya karɓi albashi biyu uku sai ka ji yana cigiyar Camry ko Elantra ta hannu, wai ran Alhamis da dare za a haura Ɗa'ifa. Ni ba zan hana kowa ba, ni ne ma na farko da zan ce ku fita. Abin da ke ba ni takaici shi ne mutum ya shekara biyar a ƙasar nan bai san ko'ina ba daga ɗakinsa sai wurin aiki sai kasuwar Balad sai Harami, ya koma gida a ce masa yaya Saudiyya ya ce ai zafi ne kawai da yashi, alhali tafiyar awa biyu daga inda yake kwance akwai garin da ake neman rigar sanyi da dare.

Ɗa'ifa ita ce ta farko, kuma duk wanda ya je sau ɗaya sai ya koma. Daga Jidda wajen kilomita 170 ne, ka bi titin Makka sannan ka kama hanyar Hada ka fara hawan dutsen Kara, kwana kan kwana, kunnenka na toshewa, ka leƙa ƙasa ka ga motocin da ka bari sun zama 'yan mitsi-mitsi. Garin yana sama da teku da kusan mita 1,800, shi ya sa in Jidda tana tafasa a watan Yuli mutanen can suna zaune a kan darduma a waje suna shan shayi. Akwai birai a gefen hanyar nan da yawa, kar ku sauke gilashi don yara su ba su ayaba, suna fizge abu daga hannu kuma suna cizo. In kun isa ku fara da masallacin Abdullahi ɗan Abbas a tsakiyar gari, a gefensa kabarinsa yake, Allah ya ƙara masa yarda. Ni duk sanda na shiga garin nan sai na tuna nan ne Manzon Allah (SAW) ya zo neman mafaka aka sa yara suka jefe shi har ƙafafunsa suka yi jini, ya fake a wata gona, bawa Addasu ya kawo masa inabi. Mun karanta wannan a makarantar Islamiyya muna yara, amma ka ga duwatsun da idonka, ka ga nisan da ya yi daga Makka, jikinka sai ya yi sanyi. Daga nan sai ku wuce Shafa, ku sayi rumman da inabi da zuma a bakin hanya in lokacinsu ne, in kuma watan Maris ne zuwa Afrilu to kun dace da lokacin tsinkar furen wardi da ake yin turaren Ɗa'ifa da shi.

Saukowa ce take kashe mota. Kar ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, zai yi zafi ya daina kamawa, ka sa ƙaramar giya injin ya riƙe maka. In an yi hazo ko ruwan sama sukan rufe hanyar Hada gaba ɗaya, sai a bi ta Sail, ta fi nisa amma ta fi kwanciya. Kuma wanda ya yi niyyar umra a hanyar dawowa ya san akwai miƙati, a hanyar Sail shi ne Sailul Kabir wato Ƙarnul Manazil, a hanyar Hada kuma Wadi Mahram, kar a wuce da riga da wando sai an shiga Makka a fara tambayar malamai.

Madina ba sai na tallata muku ita ba. Wajen kilomita 420 ce, titi miƙaƙƙe, an yarda ƙananan motoci su kai 140 a yawancinsa, kuma barci shi ne babban haɗarin wannan hanya saboda ba kwana ba komai. In kuna da lokaci ku bi ta bakin teku, Rabig, sannan ku ratsa Badar ku ga filin da aka yi yaƙin 17 ga Ramadan shekara ta 2 bayan Hijira da maƙabartar shahidai, ko ku zarce Yanbu ku ci kifi. Da dare a ƙananan hanyoyi a kula da raƙuma, baƙin raƙumi ba ka ganinsa sai ka zo kansa. Wanda bai da mota ma ga jirgin ƙasa na Haramain tun 2018 yana aiki. Fetur kuwa ba abin damuwa ba ne, tun 2021 aka ƙayyade 91 a riyal 2.18 lita, 95 kuma 2.33, mutum huɗu in suka haɗa kuɗin mai ba wanda zai ji a jikinsa.

To yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, don duk abin da na faɗa a sama mai sauƙi ne, ko ban faɗa ba za ku gano. Abin da yake kai yaranmu ƙasa takardu ne. Mu da muka riga ku zuwa mun sha wuyarsu, kuma abin haushi kowace shekara sai na ga sababbi sun faɗa rami ɗaya.

Lasisin da ka zo da shi daga Kano ko Maraɗi ba zai yi maka aiki ba in kana da igama, sai ka yi na nan, ka ɗauki lokaci a Absher, manhajar gwamnati, ka yi gwajin ido da na jini, ka je makarantar tuƙi. Na san ka iya mota, na san ka yi Kano zuwa Legas ba adadi, ɗan murur, wato ɗan sandan hanya, ba ruwansa da wannan. Sannan ita kanta motar tana da nata uku, istimara wato rajistar mota, fahas wato gwajin lafiyarta, da tamin wato inshora, ɗaya ya mutu to motar ba ta hau titi ba ke nan a wurinsu. Sai na huɗu wanda shi ne mutanenmu suka fi rainawa, tafwid. In motar ba sunanka ba ce dole mai ita ya shiga Absher ya ba ka izinin tuƙa ta, abin da bai fi minti biyar ba. Amma mu sai a ce haba, motar yayana ce, garinmu ɗaya, ga makulli je ka dawo. A gida wannan zumunci ne mai kyau kuma ina alfahari da shi, ba na jin akwai jama'ar da ta kai mu ba da aron abu ba tare da ƙyashi ba, amma a nan wannan zumuncin in ba takarda cutar juna ne, mai motar da mai aron duka.

Bari in ba ku labarin wani yaro ɗan unguwarmu a gida, mahaifinsa ya damƙa min amanarsa. Ya sayi mota a hannun wani da zai tafi hutu, ya biya kuɗi lakadan, aka ce in ya dawo za a je a canza suna. Mutumin bai dawo ba. Yaron nan ya yi ta hawa, har ranar da suka haura Ɗa'ifa shi da abokansa wani ya buge shi ta baya a saukowa, laifin ba nasa ba ne ko kaɗan, amma da aka zo aka duba, ba lasisin nan, ba tafwid, inshora ta mutu. Aka ja motar aka kulle, ya kira ni da tsakar dare yana kuka yana cewa Baba ka zo. Muka yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan, wannan ya ce sai mai mota, mu ce mai mota yana Najeriya, a ce to ya aiko da wakilci, shi kuma wayarsa ma ba ta shiga, kuɗin ajiyar mota kullum yana hawa, kafilinsa, wato ubangidansa na aiki, ya fara ɓata rai saboda fashin aiki. Ƙarshe motar ta tafi, kuɗin da ya tara don aure ya tafi, kuma sai da 'yan ƙungiyarmu suka yi karo-karo aka biya tarar da ke kansa. Allah ya saka musu da alheri, har da dattijan Makka da aka haifa a nan waɗanda ba su taɓa ganin garin yaron ba suka sa hannu a aljihu. Amma fisabilillahi sau nawa za a yi ta wannan karo-karon a kan abin da za a iya kauce masa? In za ka sayi mota, a ranar, a wurin, a canza suna kafin ka miƙa kuɗi. In mai sayarwa ya fara cewa gobe ko jibi, ka riƙe kuɗinka ka yi gaba.

Haka shi ma mai ba da aro. Kyamarorin Sahir da ke kan titi ba su san wa ke tuƙi ba, lambar mota suka sani, saƙo zai shigo wayarka ne kai mai suna. Tsallake jar danja riyal 3,000 ne zuwa 6,000, riƙe waya a hannu kana tuƙi 500 zuwa 900, rashin ɗaura bel 150 zuwa 300, kuma kyamara tana kama waya da bel ɗin ma ba gudu kaɗai ba. Yaro ya ari mota ya je Yanbu ya dawo ya ce maka lafiya lau, bayan kwana biyu wayarka ta fara ƙara. Kuma kar ka ce zan bar su su taru, ranar da ka tashi neman bizar fita da dawowa don ka je ganin mahaifiyarka ranar za ka ga an tsaya sai ka biya, in kuma tafiya ce gaba ɗaya to sai ka sauke duk motar da ke kan sunanka tukuna.

In hatsari ya faru, Allah ya kiyaye, kuma ba wanda ya ji rauni, Najm, kamfanin da ke duba hatsarin mota, ake kira ko a shiga manhajarsu, a ɗauki hoto, su ne za su raba laifi, kashi 100 ko 75 ko 50 ko 25. Kar ka yarda da mu sasanta a nan ba sai an kira kowa ba, musamman in ba ka jin Larabci sosai, kuma kar ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, ka kira wani babba a cikinmu ya fassara maka ko ta waya ne. In akwai rauni 911 a yankin Makka, motar asibiti 997, masu tsaron manyan hanyoyi 996. Ku san kuma diyyar kisan kuskure a nan riyal 300,000 ce, wanda ba shi da inshora daga ina zai fito da ita? Mutum sai ya zauna a kurkuku har a samu. Shi ya sa nake jin zafi in na ji yaro yana cewa kuɗin tamin asara ne.

Sai maganar wa ka ɗauka a motarka, wannan kam ina roƙonku don Allah. Duk mun san akwai 'yan uwanmu da takardunsu ba su cika ba, ba na zagin kowa, kowa da ƙaddararsa, ka taimake shi da abinci da kuɗi da addu'a, amma kar ka sa shi a mota ka nufi shingen binciken Shumaisi da ke hanyar Makka ko na hanyar Madina, shi za a wuce da shi tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora gida, kai kuma laifin ɗaukarsa ya hau kanka, igamar da ka sha wahala ka samu ta tafi. Kar kuma ka ce bari in ɗauki fasinja biyu su rage min kuɗin mai, kabu-kabu da motar gida laifi ne ga baƙo. Lokacin aikin Hajji kuwa daga ƙarshen Shawwal ko mai igama ba ya shiga Makka sai da izini, a 2025 tarar wanda aka kama zai yi Hajji ba tasrihi, wato takardar izini, ta kai riyal 20,000, wanda ya ɗauko shi kuma har 100,000, ga kora da hana shigowa shekara 10. A wannan watannin in za ku Ɗa'ifa ku tambayi hanyar da ke kewaye Makka tun kafin ku tashi.

Sauran ƙananan abubuwa kun san su, safaya mai iska, jak, katan ɗin ruwa, a duba lagireto da tayoyi don zafin kwalta yana fasa tsohuwar taya. Igama da lasisi a aljihu ko a waya mai caji. Abu ɗaya da zan ƙara, in kun ga ruwa yana gudu a kwari kar ku shiga ko da bai kai gwiwa ba, ruwan nan daga kan duwatsu yake zuwa lokaci guda, waɗanda suke nan a Nuwamba 2009 sun ga abin da ambaliya ta yi wa Jidda, sama da mutum 100 suka rasu. Kuma a tsaya a yi salla a gidajen mai, matafiyi yana da sauƙin ƙasaru, a ci mandi a huta, ba gasa ake ba.

In kun saba da Ɗa'ifa da Madina sai ku fara tunanin kudu. Daga Ɗa'ifa zuwa Baha wajen kilomita 220 ne a kan tsaunuka, akwai dajin Ragadan da tsohon ƙauyen Zi Ain da aka gina da duwatsu a kan farin dutse, ayaba da dabino a ƙasansa, daga can kuma Abha da dutsen Sauda mai kusan mita 3,000 inda gajimare yake wucewa ta gabanka. Wannan ba tafiyar Juma'a da Asabar ba ce, sai hutun Salla, motoci biyu aƙalla, kowace da direbobi biyu masu lasisi da tafwid. Mu muna shirin ta bayan ƙaramar Salla in Allah ya kai mu, wanda takardunsa suka cika ya yi magana da wuri a san yawan kujeru.