Yadda Ake Sa wa Tsohuwar Kwamfuta Linux Mint a Ƙauye

Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya janye tallafinsa daga Windows 10, kuma galibin tsofaffin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu da makarantun ƙauyukan Ringim, Gumel ko Bichi ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Kada a jingine su. Linux Mint manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, buɗaɗɗiya, kyauta, kuma halal ne ka kwafa wa duk wanda ya nema. A zaɓi nau'in Xfce, shi ya fi sauƙin nauyi.

Kwamfutar tana bukatar RAM 2GB, amma sai da 4GB ake jin daɗinta, da filin ajiya aƙalla 20GB. Dole ta zama mai 64-bit. Sai filas mai 8GB wanda babu komai mai amfani a ciki, don za a goge shi kakaf.

Saukar da fayil ɗin Mint daga intanet shi ne babban aiki, domin ya kai kusan 3GB. Inda sabis ke ɗaukewa yana dawowa, fayil kan sauka da naƙasa, a zo tsakiyar aiki ya tsaya cak. Gara a sauke shi ranar da aka shiga Dutse, Haɗeja ko Kano, a kuma gwada lambar SHA256 ɗinsa, wato lambar da ke nuna ko fayil ya sauka lafiya, da wadda masu manhajar suka wallafa. Mutum ɗaya ya sauke, gari duka ya amfana. Daga nan a rubuta shi a filas da manhajar Rufus ko balenaEtcher. Kwafa shi kawai kamar waƙa ba zai tayar da kwamfuta ba.

Kafin komai, a kwashe takardun mutane da sakamakon jarrabawar ɗalibai zuwa wani filas daban. Zaɓin da ke cewa a goge faifai a sa Mint ba ya barin ko hoto ɗaya.

A soka filas, a kunna, a riƙa danna F9 idan HP ce, F12 idan Dell ce ko Lenovo. In filas bai fito ba, a shiga BIOS, wato saitin da ake buɗewa tun kwamfuta na tashi, a kashe zaɓin Secure Boot. Mint zai buɗe daga filas ɗin ba tare da ya taɓa faifai ba, kuma nan ne wurin da ya kamata a daɗe: a gwada sauti, Wi-Fi, da firinta musamman. Yawancin firintocin HP suna aiki, sai dai irin su LaserJet 1020 da P1102 kan nemi ƙarin fayil daga intanet. Canon LBP2900 kuwa akwai wahala, mai shagon da ita ce abincinsa kada ya goge Windows sai ya ga takarda ta fito da idonsa. Idan Wi-Fi ya ƙi, galibi katin Wi-Fi ɗin na kamfanin Broadcom ne: a haɗa waya da kebul, a kunna raba intanet ta USB, a buɗe Driver Manager a ɗauko direbansa.

Wuta fa. Yawancin waɗannan kwamfutoci batirinsu ya mutu, janareta na tari su ɗauke. A yi aikin sa Mint a faifai da hantsi lokacin da sola ta cika, ko a tabbatar akwai man awa ɗaya. In ta ɗauke a tsakiya, sai a sake daga farko.

Bayan an gama, a ƙara madannan Hausa na Nijeriya a saitin allon rubutu, don ƙ, ɗ da ɓ su fito. LibreOffice, madadin Microsoft Office, yana ciki tuntuni. A saita shi ya riƙa ajiyewa da tsarin Word (.docx), a kuma sa manhajar ttf-mscorefonts-installer domin samun salon rubutun Times New Roman, in ba haka ba shafukan furojet ɗin ɗalibai za su gurɗe. Abin da za a aika waje don bugawa, a mayar da shi PDF.

CorelDRAW da manhajojin atisayen JAMB masu .exe ba sa buɗewa kai-tsaye. Inkscape, manhajar zane da ke aiki a Mint, yana yin katin biki da fosta, amma hannu sai ya saba. Shagon da ke da kwamfuta biyu ya bar ɗaya a Windows saboda zane, amma kada ya haɗa ta da intanet, tunda Microsoft ya janye tallafi.