Iyaye, ga dabarar lissafin farashi ga 'yan firamare

Salamu alaikum 'yan uwa.

In an ba yaronku lissafin "wanne ya fi araha", kada ya fara da rabawa. Ya daidaita yawan kayan tukuna.

Jiya 'yata 'yar aji biyar ta zo da aikin gida: mai lemu ɗaya yana sayar da 3 a naira 200, wani 4 a naira 250.
Ta raba 200 gida 3, ragowa ta ƙi ƙarewa, har ta huda takardar da gogewa, ido ya cika da ƙwalla.

Na ce mata, Ummi, ƙirga uku-uku: 3, 6, 9, 12. Sai huɗu-huɗu: 4, 8, 12.
Sun haɗu a 12. Shi ne abin da malamansu ke kira LCM.

Lemu 12 wajen na farko kashi huɗu ne, naira 800.
Wajen na biyu kashi uku ne, naira 750.
Na biyu ya fi araha da naira 50. Shi ke nan.

Yana aiki ne don yawan lemun ya zama ɗaya, kuɗin kawai za a duba. Kuma ninkawa ta fi wa yara sauƙi. Ni ma haka nake yi a Kasuwar Barci.

Amma fa a kula. In lambobin 7 da 13 ne, ba za su haɗu ba sai a 91, gara a raba kawai.
In an tambayi farashin guda ɗaya, rabawar dole ce.
In ɗaya mudu ne ɗaya tiya, a mayar da su awo ɗaya tukuna.