Darasi na 7: Takin Gonar Bakin Tafki da Lakar da Ke Ƙasan Ruwa

A jikin buhun kamfa akwai lambobi uku, kamar 15-15-15 ko 20-10-10. Lambar tsakiya ita ce ta sinadarin fosfarus, wanda ke ƙarfafa saiwar shuka, ya taimaka mata wajen fure da 'ya'ya. Buhu mai kilo 50 na 15-15-15 yana ɗauke da kilo 7.5 na abincin shuka mai fosfarus. Takin supa kuwa fosfarus ne babban aikinsa. Kashin shanu da na kaji, da toka, da bayan gida, da wasu nau'o'in garin sabulu duk suna da shi.

Fosfarus yana da wani hali da ya bambanta da yuriya. Idan aka watsa yuriya a rana, wani kaso nata yana bin iska ya tafi. Fosfarus ba ya bin iska. Da ya shiga ƙasa sai ya manne wa ƙananan ƙwayoyin yumɓu, musamman a jar ƙasa, wadda tsatsar ƙarfen da ke cikinta ce ta ba ta wannan launi. Inda yumɓu ya je, nan fosfarus zai je. Saboda haka jan ruwan da ke gangarowa daga gona bayan ruwan farko ba ƙasa kaɗai ya kwaso ba, har da kuɗin takin mai gona.

Gwaji da kwalba

Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, a cika kwalba da ruwan da ke fita daga gona, a ajiye ta a inuwa kada a taɓa. Cikin minti ɗaya yashi zai kwanta. Bayan awa biyu za a ga wani rufi mai laushi a kansa. Ruwan saman kuwa yana iya kwana biyu bai washe ba. Wannan da ya ƙi kwanciya shi ne yumɓu, shi ya fi ɗaukar fosfarus, kuma shi ne ke yin nisa. Yashi yana zubewa a bakin gaɓa, yumɓu sai ya kai tsakiyar tafki inda ruwa ya yi zurfi ya natsu, sannan ya kwanta ya zama laka.

Abin da ke faruwa a ƙasan ruwa

Lakar ƙasan tafki rumbu ce. Kowace damina ana ƙara mata, ba a ɗiba. Muddin ruwan da ke kanta yana da iskar shaƙa, tsatsar ƙarfe tana riƙe fosfarus gam, kuma saman lakar yakan yi launin ƙasa-ƙasa. Da bazara abin yakan canza. Ruwa ya ja baya, ya yi ɗumi, ya tsaya wuri ɗaya. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska da yawa, ga matattun ciyayi suna ruɓewa a ƙasa suna cinye ɗan abin da ya rage. Da iskar ta ƙare, tsatsar nan sai ta narke ta saki fosfarus cikin ruwa.

Daga nan gansakuka ta samu abinci. Ruwa ya koma kore shar, kainuwa ta rufe lungu-lungu. Da rana gansakuka tana ba da iska, da dare kuma ita ma shaƙa take yi. Shi ya sa masunta ke ganin karfasa ta taso sama da asuba tana buɗe baki, wani lokaci a wayi gari kifi ya mutu birjik. Tarwaɗa ta fi jurewa, domin tana iya shaƙar iska daga sama. Gansakukar da ta mutu ta nutse, ta ruɓe, ta ƙara cinye iska, laka ta ƙara sakin fosfarus. Ko yau aka daina zuba taki a bakin tafki, abin da ya riga ya taru zai ci gaba da ciyar da gansakuka shekaru masu yawa.

Mai son ya san halin lakar tafkinsu ya sami bututun roba mai tsawon mita ɗaya. A soka shi cikin laka, a toshe bakin sama da tafin hannu, a zaro a hankali, a turo lakar da sanda a kan faifai ko katako. Idan samanta ƙasa-ƙasa ne, akwai iska. Idan baƙa ce wuluk tun daga sama, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, iska ta ƙare a wurin.

Mutanen Hadeja da Nguru sun san kachalla, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa irin su Marma. Babban abin da ya ba ta wuri shi ne canjin tafiyar ruwa bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992: inda a da yake bushewa da rani, yanzu ruwa ba ya yankewa. Amma laka mai taki ita ce tuwonta. Kachalla tana rage gudun ruwa, laka ta kwanta a gindinta, ita kuma ta ƙara yaɗuwa.

Inda gyara yake

Gyaran yana kan tudu, kafin ƙasa ta taɓa ruwa. Na farko, kada garma ta kai bakin ruwa. A bar zirin ciyawa mai faɗin mita 10, wato kamar taku 13 na babban mutum, a auna daga inda ruwa ke kaiwa idan tafki ya cika da damina, ba daga inda yake da rani ba. Nan ake yawan kuskure. Mai noman rani yana bin ruwa yana shuka, ya sa taki a ƙasar da bayan wata huɗu za ta koma ƙarƙashin ruwa. A irin wannan fili gara a rage supa da kamfa ƙwarai, domin lakar da ruwa ya bari tana da ƙarfinta. Inda gangare ya yi tsanani, mita 10 ba za ta isa ba, sai an ninka.

Jema da gamba sun dace da wannan aiki. A raba tushen jema, a datse ganyen ya rage kamar santimita 20, a dasa a jere a gicciyen gangare, tsakanin tushe da tushe santimita 10 zuwa 15, a farkon damina. Idan aka bar giɓi, ruwa zai taru ya bi ta nan da ƙarfi ya haƙa kwazazzabo, aikin ya koma baya. A riƙa cike giɓi a shekarar farko, a kuma hana dabbobi shiga har saiwa ta kama. Kunyoyin gona ma su gitta gangare, kada su miƙe zuwa tafki kamar magudana.

Taki kuma a binne shi. A haƙa ɗan rami mai zurfin santimita 5, nesa da gindin shuka kamar faɗin yatsu huɗu, a zuba, a rufe. A Nijar, masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore sun yaɗa dabarar sa kamfa cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, kimanin giram 6, a kowane ramin gero. Kuɗi kaɗan ne, kuma ruwa ba ya samun abin kwasa a sama. Idan hadari ya haɗu, a dakata da watsa taki.

Jujin taki, da turken dabbobi, da masai, su yi nesa da ruwa aƙalla mita 30. Mashayar shanu a keɓe mata wuri ɗaya mai tsakuwa ko ƙasa mai tauri, domin kofato yana farfasa gaɓa, kuma shanu sukan yi kashi a inda suka sha. Masu wanki su ɗebo ruwa su koma bayan zirin ciyawa, su zubar da ruwan sabulu a ƙasa ta tsotse.

Idan an yi aikin gayya an yanke kachalla ko an kwashe kainuwa, a fito da ita tudu. Barinta a cikin ruwa mayar da fosfarus ne inda ya fito. Ƙona ta a bakin gaɓa ma bai raba gardama ba, domin wuta ba ta cin fosfarus, yana nan cikin toka, ruwan farko zai mayar da shi. A kai ta nesa a yi takin gargajiya da ita. Haka lakar da aka yashe da rani: a kai ta gonar tudu, a baza, a juya da garma. Sai dai lakar wurin da ruwan masana'antu ko na majema ke shiga, kamar wasu rafukan cikin Kano, kada a kai ta gonar abinci sai an gwada ta, saboda tana iya ɗauke da ƙarafa masu guba.

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya auna da taku daga kunyarsa ta ƙarshe zuwa inda ruwa ya tsaya a daminar bara, ya rubuta adadin a littafinsa, ya zo da shi aji tare da kwalbar ruwan gonarsa.